Sairam: birnin da ya koma ƙauye

A wannan mako za mu leƙa kudancin ƙasar Kazakistan, can tsakiyar Asiya, inda wani gari yake da ake kira Sairam. Shekaru aru-aru takardun hukuma suna kiran shi ƙauye, alhali mutanen da ke cikinsa sun haura 30.000, kuma fiye da tara cikin goma daga cikinsu Uzbekawa ne, ba Kazakawa ba. Yana bakin wani kogi mai suna Sairam-Su, kimanin kilomita 10 gabas da tsakiyar birnin Shimkent. Wanda ya ratsa shi a mota ba abin da zai gani sai gidajen laka masu faɗin tsakar gida, da garakan inabi, da tanderun burodi, da kasuwa. Ba zai taɓa zaton cewa garin ya girmi yawancin manyan biranen ƙasar ba.

Sunansa na da Isfijab. Malam Mahmud al-Kashgari, wanda ya rubuta ƙamus na harsunan Turkawa wajejen shekara ta 1074, ya ce Sairam da Isfijab gari ɗaya ne, kuma ana yi masa laƙabi da Farin Birni. Cikin shekara ta 840 wani sarki na gidan Samaniyawa, Nuhu ɗan Asad, ya ci garin da yaƙi, ya kewaye shi da ganuwa, har da gonaki da garaka a ciki.

Ga abin da zai ba 'yan kasuwarmu sha'awa. Marubutan Larabawa na ƙarni na 10 sun ambaci Isfijab a matsayin garin da aka ɗauke wa harajin ƙasa. Ba don tausayi aka yi haka ba. Garin yana kan iyakar daular Musulunci, daga shi sai dajin makiyayan Turkawa waɗanda a lokacin ba su musulunta ba. Sai sarakuna suka ce wa mutanensa su riƙe kuɗinsu, su sayi makamai, su tsare iyaka. Wato harajin da ba su biya da dirhami ba sun biya shi da tsaro. Ribaɗi ya yi yawa a garin, ayarin fatake na hanyar siliki suna sauka, makiyaya suna kawo dawaki da tumaki, suna komawa da tufafi da hatsi da kayan ƙarfe. Gaskiya kuma ba ta ɓuya: cikin hajjar da aka fi samun riba da ita a kasuwar har da bayi.

A nan aka haifi Shehu Ahmad Yasawi, babban malamin Sufaye wanda ya rasu a shekara ta 1166, wanda ya karantar da makiyaya addini cikin harshensu na Turkanci. Kabarin mahaifinsa, Ibrahim Ata, da na mahaifiyarsa, Karashash Ana, suna Sairam har yau, kowane da ƙubbarsa. Shi kuwa shehun an rufe shi a garin Turkistan, inda sarki Timur ya gina masa ƙaton hubbare a ƙarshen ƙarni na 14. Masu ziyara da suka san ladabi sukan fara gaida iyaye a Sairam kafin su wuce wurin ɗa.

Yaƙe-yaƙe sun sha cin garin. Mongolawa sun ratsa yankin wajejen 1220, Jungarawa sun afka masa cikin shekarun 1680, suka sake dawowa a 1723, daga baya sarakunan Kokand suka mallake shi. Kowane karo ya kan farfaɗo. Abin da ya durƙusar da shi, a ganina, ba takobi ba ne. A 1864 sojan Rasha suka kama Shimkent, wanda ada bai kai Sairam daraja ba, suka aje ofisoshin mulki a can. Inda alƙali da mai karɓar haraji suka zauna, nan ɗan kasuwa yake buɗe kanti. Daga baya layin dogo ya bi ta Shimkent, masana'antar narkar da dalma ta fara aiki can cikin shekarun 1930. Sairam kuwa aka bar shi da noma.

Sai kuma 1924, lokacin da hukumar Sobiyet ta yanka tsakiyar Asiya jamhuriya-jamhuriya bisa ƙabila. Tashkent, mai nisan kilomita wajen 120, ya faɗa wa Uzbekistan, Sairam ya faɗa ɓangaren Kazakawa tare da Uzbekawansa. Muddin Tarayyar Sobiyet tana tsaye, layin nan a takarda kawai yake: ana aure, ana biki, yara suna tafiya karatu jami'o'in Tashkent. Da tarayyar ta wargaje a 1991, layin ya zama iyaka ta gaske, da duwan da fasfo da kuɗi iri biyu.

Babbar matsalar ta faɗa kan makaranta. A 1993 Uzbekistan ta yanke shawarar komawa rubuta harshenta da baƙaƙen Latin, makarantun Uzbekanci na Kazakistan kuwa suka zauna kan baƙaƙen Rasha. Littafin karatu na tsallaken iyaka ya daina amfani, dole aka shiga buga nasu. Uba a Sairam sai ya tsaya ya yi lissafi: ya sa ɗansa makarantar harshen gida, ko ta Kazakanci wadda ke buɗe ƙofar aikin gwamnati, ko ta Rashanci wadda ke buɗe ta kasuwa? Da yawa daga cikin yaran garin suna tashi da harsunan nan uku a baki.

Cikin shekarun 2010 aka faɗaɗa iyakar Shimkent, ta haɗiye Sairam, kuma a 2018 aka ba Shimkent matsayin birni mai cin gashin kansa, ba ya ƙarƙashin wata jiha. Gundumar da ke maƙwabtaka tana nan da sunan Sairam, amma garin da ya ba ta sunan ya fita daga cikinta, ya zama unguwa ta birnin da ya girma da ɗaruruwan shekaru.