Sabon Ƙarfe, Tsohuwar Tsatsa: Wa Ke Da Alhaki?

Duk shekara idan damina ta ja baya, akwai wani ƙorafi da kan fito daga bakin masu motocin shiga daji, wato jif-jif da a-kori-kura irin waɗanda ke jigilar mutane da kaya tsakanin birni da ƙauye. Ƙorafin kuwa shi ne, mutum ya kashe kuɗi masu kauri an canza masa wani sashe na shasin motarsa, wato ƙarfen nan da inji da gangar jikin mota ke zaune a kansa, amma kafin shekara ta zagayo sai ya leƙa ƙarƙashi ya tarar sabon ƙarfen ya yi jajir, har ya fara ɓarewa kamar ɓawon itace. In ya koma wurin bakanike a ce masa laifin mai sayar da kaya ne, in ya je wurin mai kaya a ce masa haka abin ya zo daga waje. Daga ƙarshe sai ya haɗiye takaicinsa ya koma gida. A nawa ganin wannan lamari ya wuce a bar shi a hirar gareji, domin a kan wannan ƙarfe rayukan fasinjoji suke.

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa tsatsa ba ta da wani sirri. Abu uku take bukata: ƙarfe, da ruwa, da iska. Idan gishiri ya shiga cikin ruwan sai aikinta ya ƙara sauri. Saboda haka kamfanonin ƙera motoci kan tsoma shasi gaba ɗaya a cikin kwamin wani fenti na musamman, su sa wutar lantarki ta manna shi a kowane lungu, ciki da waje, sannan su gasa shi. Wasu sassan kuma akan lulluɓe su da sinadarin zink, irin wanda ke hana kwanon rufi saurin lalacewa. Wannan lulluɓi shi ne garkuwar ƙarfe, kuma kamar yadda Hausawa ke cewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, me ya sa sabon sashe kan riga tsohon da ya maye gurbinsa lalacewa? Dalilan sanannu ne ga masu sana'ar. Da yawan kayan gyara masu araha ba su ga wancan kwami ba, baƙin fenti kawai aka fesa masu sama-sama don kada su yi ja a kanti. Na biyu, wutar walda tana ƙone lulluɓin da ke gefen inda aka haɗa, kuma ba kowane mai walda ke komawa ya kankare wurin ya shafe shi ba. Na uku, yawancin ƙarafan shasi kamar akwati suke, cikinsu rami ne. Idan mota ta ratsa fadama taɓo ya shige ciki, ya toshe ƙananan ƙofofin da aka yi don ruwa ya tsiyaye, sai tsatsa ta soma ci daga ciki alhali waje na ƙyalli, kyan ɗan maciji ke nan. A nan Arewa ba mu da iskar teku irin ta Legas, kuma bushewar hunturu na taimaka mana, amma muna da taɓon damina, ga takin zamani da gishiri da kanwa da fitsarin dabbobi da ke tsiyaya daga bayan a-kori-kura, dukkansu masu cin ƙarfe ne. Ya kamata kuma a yi adalci: ɗan jan da kan bayyana a saman ƙarfe mai kauri ba lallai ne ya zama haɗari ba. Abin tsoro shi ne tsatsar da ke ɓare ƙarfe falle-falle har ta huda shi, musamman kusa da inda sifirin da sitiyari da bututun burki suke riƙe.

Domin mu ga yadda wasu suka ɗauki irin wannan matsala, bari mu leƙa Amurka. A jihohin arewacin ƙasar akan watsa gishiri a kan tituna lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, fiye da tan miliyan 10 a shekara, kuma wannan gishiri ba ya barin ƙarƙashin mota lafiya. A shekarar 2008 kamfanin Toyota ya tsawaita garantin tsatsar shasi zuwa shekara 15 a kan a-kori-kura ƙirar Tacoma na shekarun 1995 zuwa 2000, kimanin mota 813,000, har ya riƙa sayen waɗanda suka lalace daga hannun masu su a kan kuɗin da suka ninka darajarsu sau ɗaya da rabi. A 2009 ya yi kiranyen mota ƙirar Tundra kimanin 110,000 saboda ƙarfen baya da ke riƙe da safaya yana cinyewa, har ana fargabar tayar ta faɗo a tsakiyar titi. A 2011 kamfanin Dana, wanda ya ƙera wa Toyota shasin Tacoma, ya biya dala miliyan 25 don kashe rigimar da ke tsakaninsu. Sannan a 2016, bayan masu motoci sun haɗu sun kai ƙara, Toyota ya amince da sulhun da aka ƙiyasta zai iya kai dala biliyan 3.4, wanda ya shafi mota kusan miliyan ɗaya da rabi: Tacoma na 2005 zuwa 2010, Tundra na 2007 zuwa 2008, da Sequoia na 2005 zuwa 2008. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma ya ɗauki nauyin duba motocin har tsawon shekara 12 daga ranar da aka fara sayar da su, tare da canza shasin duk wadda aka samu da huda mai faɗin milimita 10 ko fiye.

Abin lura a wannan labari shi ne, a kowane mataki akwai suna, akwai takarda, akwai ma'auni. An san wanda ya ƙera ƙarfen, an san ranar da aka sayar da motar, an kuma yanke girman hudar da za ta sa a biya mutum. Labarin kuma ya shafe mu kai tsaye, domin Amurka na cikin manyan ƙasashen da tsofaffin motoci ke shigowa Nijeriya daga cikinsu. Waccan shekara 12 ta cika tuni a kan dukkan motocin da sulhun ya ƙunsa, saboda haka duk wadda ta sauka a tasharmu yau daga jihohin gishiri, ita ko sassan jikinta da aka farke, ta zo ne ba tare da wata kariya ba, sai dai sabon baƙin fenti da wani ya fesa mata a ƙarƙashi.

A nan ne nake son in sa baki a matsayina na ɗalibin harshe, domin na daɗe ina lura da cewa kalmomin da muke ciniki da su suna taimakawa wajen ɓatar da sawun mai laifi. Dubi yadda muke ba da labarin. Mukan ce "ƙarfen ya yi tsatsa", wato ƙarfen ne ma ya aikata. Mukan ce "burki ya tsinke", "mota ta ƙwace", "shasi ya karye". A dukkan waɗannan jimloli babu mutum ko ɗaya. Idan kuma dole ta sa a ambaci aikin mutum, sai mu ɗauko wakilin sunan nan na "an", wanda ke faɗin aiki ya ɓoye mai aikin: "an canza shi", "an sa sabo", "haka aka kawo shi". Harshen Hausa bai yi laifi ba da ya tanadi wannan hanya, tana da amfaninta wajen kunya da kawaici da rufin asiri. Amma kawaicin da ya dace da zaman gida, idan aka kai shi kasuwa, mai saye ne ke biyan kuɗinsa.

Haka nan sunayen kayan kansu. "Ɗan Beljiyom", "ɗan Kwatano", "ɗan Taiwan", duk sunayen wurare ne, suna gaya maka hanyar da ake zaton kaya ya biyo, ba su gaya maka yadda aka ƙera shi ba. Kalmar "tokumbo" da muka aro daga Yarabanci ma'anarta abin da ya zo daga ƙetaren teku, kuma asalinta suna ne da ake raɗa wa yaron da aka haifa a ƙasar waje. Ita kuwa "orijina" ta sha wahala a bakin 'yan kasuwa har ta kai ana raba ta aji-aji, akwai ta ɗaya akwai ta biyu. Ko kalmar "sabo" ma fuska biyu gare ta: sabo daga masana'anta, ko sabo a jikin motarka. Wanda bai tambaya ba, wadda ta fi wa mai kaya daɗi ita za a sayar masa.

Wani zai ce ai talauci ne ya jawo, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin direban da ke neman na cefane ba zai iya sayen kayan kamfani a farashin dala ba, kuma da yawan bakanikai da 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za su faɗa maka gaskiyar kaya in ka tambaye su. Amma wanda ya sayi rariya da saninsa daban yake da wanda aka sayar wa rariya da sunan ƙwarya. Kuma doka ba ta yi shiru ba. Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai cika inganci ba cikin wata uku, a gyara masa, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON kuma tun 2005 ta fito da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su. Sai dai wata uku gajere ne ga tsatsar da ke ci daga ciki, kuma doka ba ta iya taimakon wanda ba shi da ko rasit a hannu.

Saboda haka ina kira ga ɓangarori uku. Masu motoci su nemi rasit mai ɗauke da sunan kaya, da kamfanin da ya ƙera shi, da kwanan wata, su kuma tsaya a kan a kankare wurin walda a shafe shi, a fesa mai ko kakin kariya a cikin ramin ƙarfe, sannan su riƙa wanke ƙarƙashin mota bayan kowace tafiyar taɓo. Ƙungiyoyin bakanikai da na masu sayar da kayan gyara su zauna su yanke wa waɗannan kalmomi ma'ana guda, su kuma amince da rubutaccen garanti na aƙalla damina ɗaya a kan duk aikin shasi. Su kuma ma'aikatun gwamnati da ke sayen irin waɗannan motoci don asibitocin karkara da aikin rigakafi da tsaro, su sa sharaɗin kariyar tsatsa a takardar kwangila, jami'an duba lafiyar motoci kuma su riƙa sunkuyawa su leƙa ƙasa, kada su tsaya ga takardu da fitilu.

Ranar kasuwar ƙauye, a-kori-kura guda kan ɗauko mutum ashirin da buhunansu. Idan ƙarfen da ke ƙarƙashinsu ya karye a gangare, za a ce tsautsayi ne, alhali akwai wanda ya ƙera shi, da wanda ya shigo da shi, da wanda ya ɗaura shi. Kowannensu yana da suna, kuma haƙƙin mai mota ne a rubuta masa sunan tun kafin ya biya.