Rage Ƙara, Ka Tsira Da Kunnenka

Jama'a, a zamanin nan da wuya ka shiga ƙauye ba ka ga saurayi da iyafis a kunne ba. Wani na sauraron waƙa a wayarsa, wani wa'azi a ƙaramar rediyo mai memori. Ba mu ce abin laifi ne ba. Amma in mutum ya je kasuwa saye, tambayarsa ta fari ita ce, wacce ta fi ƙara? To, mu a ganinmu wannan tambaya kuskure ce, ga kuwa dalili.

Can cikin kunne akwai wani ɗan ƙashi naɗaɗɗe kamar dodon koɗi. A cikinsa akwai 'yan gasu ƙanana wajen 15,000, su ne ke kai sauti ga ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa ta kan kashe su, wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa. Ba allura, ba ƙwaya, ba saiwar da za ta komo da shi. Mugun abin shi ne ba a jin zafi. Sannu sannu ji ya ke raguwa, sai ran nan mutum ya ga ana magana a majalisa shi kuwa sai kallon baki.

Likitoci suna auna ƙara da wani ma'auni, sunansa desibel. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙa'ida cewa babba kada ya wuce sa'a 40 a mako a kan desibel 80, yaro kuwa a kan 75. In ƙara ta kai 90, sa'a 4 kurum ta rage maka a mako. In ta kai 100, minti 20. Yawancin na'urorin nan in an ƙure su suna kai 100, har su wuce.

Watakila wani ya ce, ni ba ni da ma'auni. Ba kome, ga na talaka. Kada ka murɗa ƙara ta wuce kashi 60 cikin 100, watau ta ɗara rabi kaɗan. In na kusa da kai yana jin abin da ke fita daga iyafis ɗinka, ta yi yawa. In wanda ke tsaye gabanka sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, ta yi yawa. Bayan ko wace sa'a ɗaya ka cire, kunne ya huta.

Wani kuma zai ce, ai a kan babur ko kusa da injin niƙa ba a ji sai an ƙure. Gaskiya ne, amma wannan ɗora wa kunne kaya biyu ne. A irin wurin nan kashewa ta fi. Mai babur da ya toshe kunnensa ba ya jin hon ɗin motar da ke bayansa.

Sa'ad da ka je saye, duba abu huɗu. Na ɗaya, ta fid da murya garau tana ƙasa ƙasa, gama mai ƙyarƙyara ita ke sa a ƙure. Na biyu, ƙararta ta riƙa hawa daki daki, ba ta yi tsalle ba. Na uku, in tana gargaɗi sa'ad da ƙara ta yi yawa, ita ce ta ƙwarai, kada ka ƙi jin gargaɗin. Na huɗu, abin ji mai rufe kunne duka ya fi ɗan tsurut, domin yana tare hayaniyar waje. In don gida ne, rediyo mai lasifika a ajiye ta nesa kaɗan ta fi, kowa ya ji. Kada a riƙa aron iyafis, yana iya kawo ciwon kunne.

Maigida da uwargida, ku sa ido ga yara, kada su kwana da shi a kunne. Wanda ya ji kunnensa na kuka kamar gyare, ko ji ya dushe, ya rage ƙara nan da nan, ya tafi asibiti. A Kaduna ma akwai asibitin gwamnati na kunne musamman. Kada a ɗiga mai, kada a soka tsinke. Rigakafi ya fi magani.