Raddi ga Masu Cewa Hoton Sikana Ya Gama Magana

Akwai wata magana da ta samu gindin zama a Garwa, har Marwa da Ngaundere: wai idan an tabbatar wa mutum da ciwon dajin babban hanji, aka yi masa sikana, takarda ta ambaci tabo a hanta ko a huhu, to magana ta ƙare, a mayar da shi gida. Masu faɗin haka suna kafa hujja da abu uku, kuma babu ɗaya da zai tsaya in an auna shi.

Suka ce hoto ba ya ƙarya. Gaskiya ne, amma hoto ba ya faɗin sunan abin da ya gani. Dalilin da ya sa likita ke fara duba hanta shi ne jinin da ya baro hanji can yake fara zuba, don haka can dajin ya fi yawan yaɗuwa. Sai dai hanta tana ɗauke da tabo iri-iri da ba su da alaƙa da daji: 'yar jakar ruwa, dunƙulen jijiyoyin jini da mutum zai rayu da shi har tsufa ba tare da ya sani ba, ko ƙurji. A wannan yanki namu ma abin ya fi rikitarwa. Tsargiya mai kama hanji, wadda aka sani a ƙauyukan bakin Binuwai da madatsar Lagdo, tana barin alama a hanta. Tarin fuka da aka warke tuntuni yana barin tabo a huhu. Shi ya sa mai karanta hoton yake rubuta da Faransanci cewa abu "ya yi kama da" kaza, ya nemi a ƙara bincike. Ɗan uwan da ya iya Faransanci zai fassara kalmomin, amma ba zai iya auna su ba.

Suka ce in dai ya kai hanta, tiyata ɓarnar kuɗi ce, ƙarfe ma tayar da daji yake yi. Wannan ita ce mafi hatsari. Matakin cutar na haƙiƙa sai an cire ɓangaren hanjin ake sanin sa, bayan an duba zurfin da ƙarin ya ci a bangon hanji, an kuma bincika kaluluwa aƙalla 12 a ƙarƙashin madubin likita. Sikana girman kaluluwa kawai take nunawa, kuma kumburi ma yana ƙara mata girma. Ko da an tabbatar ya yaɗu, idan wuraren kaɗan ne akwai waɗanda ake yanke musu su tare da maganin daji, wasu su warke. Wanda kuwa hanjinsa ke shirin toshewa, tiyata ce ke hana shi mutuwar azaba.

Ta uku ta fi kusa da gaskiya: wai maimaita hoto cin kuɗi ne. Tsadar ba ƙarya ba ce, wanda aka tura Yawunde ko Duwala ya san kuɗin mota da jirgin ƙasa. Amma tabon da bai kai santimita ɗaya ba sau da yawa sai an sake duba shi bayan watanni, ko a yi hoton IRM, kafin a san ko yana girma. Kuma yawancin dajin da ke dawowa a shekaru 3 na farko yake dawowa, shi ya sa ake bibiya har shekara 5 da hoto da gwajin jini na CEA.

Don haka mai jinya, ka ajiye tsoffin hotuna da faifansu, ka kai su tare da sabo gaban likitan da ya tura ku, ka tambaye shi: wannan tabon tabbas ne ko zato?