BULALA BA TA GYARA HANNUN YARON NAN

'Yan'uwa talakawa, akwai wani yaro da kowa ya sani a kasuwa. In an aike shi da kwalbar man gyaɗa sai ta suɓuce masa. Shekararsa takwas, amma har yanzu bai iya ɗaura tazuge ba, maɓallin riga kuwa sai an sa masa. A makaranta ya san amsa da baki sarai, amma da ya kama fensir sai gumi, rubutun kamar kaza ta yi tono. Uba ya ce sakarci ne, malami ya ce ganganci ne, maƙwabta su ce iska ce ta taɓa shi. Kowa ya gama faɗin nasa, sai a ɗauko bulala.

To, mu muna cewa zalunci ne, ko da yake yawanci na rashin sani ne. Likitoci sun san wannan lalura, suna kiranta disfiraksiya, watau rashin daidaituwar motsin gaɓoɓi tun daga ƙuruciya. A 1994 masana suka taru a garin Landan na ƙasar Kanada suka daidaita a kan suna ɗaya da za a riƙa kiranta da shi. Ba shan-inna ba ce, wadda aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayarta daga Afirka a 2020. Ba kuma ƙarancin hankali ba ne. Hannun lafiya lau yake. Ƙwaƙwalwa ce take wahala wajen tsara motsi, wanne zai fara, wanne zai biyo, har abin da wani yaro zai ƙware a kansa cikin kwana biyu shi sai ya yi watanni. An fi ganinta ga yara maza, da bakwaini, da waɗanda aka haifa ba nauyi. Bisa lissafin masana tana samun yara biyar ko shida cikin ɗari na 'yan makaranta. Ashe ke nan ajin da aka cusa yara 60 ba zai rasa kamar uku ba.

Ba ta da allura, ba ta da ƙwaya, kuma da yawa suna girma da ita. Abin da ke taimako shi ne koyarwa cikin haƙuri: a raba aiki gunduwa-gunduwa, a maimaita kullum, a ba shi fensir mai kauri, a ƙara masa lokacin rubutu. Akwai ma'aikatan asibiti da aka horar domin wannan, masu gashin gaɓoɓi da masu koyar da ayyukan yau da kullum. Amma ina suke? Suna manyan asibitocin birni. Mai hali ya sa ɗansa a mota ya kai shi. Mai sayar da daddawa fa, wadda in ta rufe rumfa yini guda gidan bai ɗora tukunya ba?

Mahukunta ba za su ce ba su da doka ba. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. A 2004 aka yi dokar ilmin farko kyauta kuma tilas. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa. Takarda kam an cika ta. Kuɗin rumfa kuwa ba a taɓa manta karɓarsa ba, ko ran da ba a yi ciniki ba. Yaron da ake duka kullum saboda rubutu, wata rana zai ƙi makarantar ɗungurungum, sa'an nan waɗannan manya su hau mumbari su ce talaka ba ya son ilmi.

Jam'iyyarmu tana neman a koya wa kowane malamin firamare alamun wannan lalura tun yana kwalejin horon malamai, a kuma hana dukan yaro a kan munin rubutu. Muna neman ma'aikacin da aka horar ya riƙa zagaya asibitocin ƙananan hukumomi a ranar da kowa ya sani, kyauta, domin uwa ta je da safe ta komo kasuwa kafin azahar.

Kafin su farka, mu fara da gidajenmu. Wanda ya ga ɗansa ya wuce shekara biyar yana haka, ya ajiye bulala, ya kai shi asibiti a duba, don akwai cututtukan da ke kama da wannan waɗanda sai likita ne zai bambance su. Shugabannin rassa kuma su sa maganar cikin taron wannan mako, su tattara yawan gidajen da abin ya shafa a unguwanninsu, mu kai wa wakilanmu na Majalisa.