GIDA DA GONA: Wane Akwatin Kayan Aiki Ya Kamata Mu Saya?

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wani abu da mutane da yawa ke rainawa, wato akwatin da ake zuba kayan aiki a ciki, wanda 'yan kasuwar Wad Madani da Sinnar ke kira shantar idda. Wani zai ce, shin akwati ma har ya isa a yi rubutu a kansa? To, ga makanike ko kafinta ko mai gyaran wuta, wannan akwati shi ne shagonsa, shi ne jarinsa, kuma da abin da ke cikinsa yake ciyar da iyali.

Mu mutanen ƙauyukan Jazira da na bakin Bahar Azraƙ bai kamata a ce sai an tuna mana da wannan ba, domin kuwa jikokin matafiya ne mu. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasa ransa, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, har suka sauka kusa da Sinnar a wajen 1906, a garin da ke amsa sunansa har yau. Wasu kakannin namu kuwa mahajjata ne da suka yi shekara da shekaru a kan hanyar Makka. Babu wanda ya zo da gida ko gona a ka. Wanzami ya zo da zabirarsa, baduku da basillarsa, maƙeri da gudumarsa da awartakinsa, kuma da waɗannan suka nemi abinci a kowane zango. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe noman auduga a Jazira, su ne suka shiga aikin, masu sana'a a cikinsu suka ci gaba da sana'arsu.

A 'yan shekarun nan ma mun sake ganin irin wannan da idanunmu. Rikicin 2022 ya tashi jama'armu da dama daga wajen Rusairis da Wad al-Mahi. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya iso Wad Madani a Disambar wannan shekara, ya kai Sinja a watan Yunin 2024, mutane suka watsu zuwa Gadarif da Kasala da sauran wurare. Mai sana'ar da kayansa ke haɗe a wuri ɗaya ya sungumi akwatinsa ya fita da shi, inda duk ya sauka ya sami abin yi. Wanda kuwa kayansa ke warwatse a shago, sufana a nan, guduma a can, ya fita hannu rabbana. Tun daga 2025 da jama'a suka fara komawa gida, da yawa sun tarar babu ko ƙusa, dole suka soma sayen kaya daga farko. Saboda haka ne muka ga ya dace mu yi wannan bayani, tun da Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawararmu ta farko, wadda ita ce uwar sauran, ita ce: akwatin da ya dace da kai shi ne wanda za ka iya ɗauka kai kaɗai, a cike, ka yi tafiya da shi. A kasuwa babu kowa a cikinsa, shi ya sa kowane akwati ke da sauƙin ɗauka. Amma na ƙarfe mai hawa biyar, irin wanda ke buɗewa hagu da dama, in aka cika shi da sufanu da guduma yana iya haura kilo 15. Manomin Jazira ya san cewa nimra guda faddan 90 ce, kuma Abu Ishirin da ke ba ta ruwa ya fi kilomita ɗaya a tsawo. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, baƙar lakar nan tamu ba ta barin karo ko rakasha su shiga, sai dai ƙafa. To, ka auna da wannan: idan ba za ka iya bin gefen Abu Ishirin da akwatin har ƙarshe ba tare da ka dire shi sau uku ba, ya yi maka nauyi. Gara ƙananan akwatuna biyu, ɗaya a kowane hannu, da babba guda wanda sai an kama maka.

Na biyu, kada ka sayi akwati tukuna sai ka san abin da za ka zuba a ciki. Ka shimfiɗa buhu, ka jera kayanka a kai, ka ware waɗanda kake taɓawa kullum da waɗanda sai jefi-jefi. Sannan ka auna wanda ya fi kowanne tsawo. A kasuwa da inci ake faɗin girman akwatunan, kamar 16 da 19 da 21, kuma tsawon waje ne ake nufi, na ciki bai kai haka ba. Mutum ya je da igiyar awonsa, kada ya dawo gida ya tarar zartonsa ko dogon sukundirebansa ya ƙi shiga.

A nan makanikanmu suna da wata matsala ta daban. Tsofaffin injunan ban ruwa na Lister, waɗanda a nan muke kira babur, da manyan motocin Bedford da suka daɗe suna jigila a ƙasar nan, ƙirar Ingila ne, notukansu na awon inci ne. Rakasha ƙirar Bajaj ta Indiya da boksi ƙirar Toyota ta Japan kuwa milimita suke bi, kamar lamba 10 da 12 da 14 da 17. Duk wanda ke gyara iri biyun yana buƙatar sufanu kashi biyu, kuma in suka cakuɗe, sai a sa ta inci a notin milimita ta goge masa kai, aikin minti goma ya koma na yini. Irin wannan makanike shi ne ya kamata ya nemi akwati mai hawa-hawa, na inci a gefe guda, na milimita a ɗaya gefen.

Magidanci kuwa ba ya buƙatar wannan duka. Guduma, filaya, sukundireba biyu, mai faɗin baki da mai tauraro, sufana mai daidaitawa wadda ake kira muftah ingilizi, igiyar awo, abin gwada wuta, baƙin salatif na waya, da 'yan ƙusoshi da sukurori a gwangwani mai murfi, sun isa gyaran ƙofa da famfo da angarib. Akwati mai inci 16 ya ɗauke su har da saura. Ya kamata uwargida ta san inda yake, ta kuma san abin da ke ciki, domin ba kullum maigida yake gida ba ranar da famfo ya ɓalle.

Na uku shi ne abin da aka yi akwatin da shi, kuma kowanne yana da amfaninsa da aibinsa a ƙasa irin tamu.

Na roba ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, wuta kuma ba ta bin sa, shi ya sa ya fi dacewa da mai gyaran wuta da mai haɗa sola. To amma rana ce abokiyar gabarsa. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma robar da ta daɗe a rana takan koɗe ta bushe, ranar da ta faɗo daga karo sai ta tsage. In za ka saya, ka danna murfin da gindin da babban yatsa. Wanda ya lotsa kamar bokitin wanka, bar musu kayansu. Ka nemi mai maƙallin ƙarfe, domin maƙallin roba shi ke fara karyewa.

Na ƙarfe yana jure wahala, ana iya zama a kansa, in ya lotsa a buga ya miƙe, in ya ɓalle mai walda ya gyara. Aibinsa nauyi da tsatsa da ɗaukar zafi. In ya yini a rana ko sufanun ciki ba su taɓuwa, kuma wanda ke da na'ura mai aiki da batir kada ya kuskura ya bar batirin a cikinsa, domin zafi na kashe shi. Maganin tsatsa kuwa sananne ne: a shafe ciki da ɗan man inji, a shimfiɗa tsumma ko tsohon tif na taya a ƙasa, kuma kada a rufe kaya da laima a jikinsu.

Na katako kafintan unguwa zai ƙera maka daidai da kayanka, ka ce masa ga inda zarto zai kwanta, ga inda guduma za ta shiga. Sai dai a yi hattara da gara, kada a ajiye shi a ƙasa, a ɗora a kan bulo. Kuma kada a yi shi da itacen gabaruwa, wanda ake kira sunut, domin ko babu komai a ciki kaya ne guda. Jakar fata ko ta tamfol kuwa ita ce ta mai hawa sama, kamar mai ɗora tankin ruwa ko faifan sola, tun da yana rataya ta hannuwansa biyu su zama a sake. Amma ba ta tsare ƙura, ba ta kuma ɗaukar kwaɗo.

Na huɗu, kafin ka miƙa kuɗi ka duba wurare uku, domin nan ne akwati ke mutuwa. Duba mariƙi, ka ga ko da ribiti ko noti aka kama shi, ka kuma tabbata yatsunka huɗu sun shiga a sake. Duba mahaɗin murfi, wanda aka zura wa sandar ƙarfe daga wannan gefe zuwa wancan ya fi wanda roba ce kawai aka lanƙwasa. Sannan ka rufe ka ɗaga shi sama ka duba bakin murfin, in haske na shiga, to ƙurar habub ma za ta shiga, ita kuwa in ta haɗu da maiko cin ƙarfe take yi. Ka roƙi mai shago ya zuba masa kaya masu nauyi ka ɗaga ka gani. Mai kaya na gari ba zai ƙi ba. A tabbata kuma yana da hancin kwaɗo, ba don ɓarawo kaɗai ba, har don yara, tun da reza da zarto ba abin wasa ba ne.

Akwai abubuwa biyu da muke so mu ja kunnen jama'a a kansu. Na ɗaya, akwatunan harsashi da yaƙi ya bari a gonaki da kangaye. Gaskiya ne suna da ƙarfi, ruwa ba ya shigarsu, amma kada kowa ya ɗauka. Inda aka bar akwati ana iya barin abin da bai fashe ba a cikinsa ko a kusa da shi, kuma ko da babu komai, wanda aka tsayar a shingen bincike da irin wannan akwati yana da dogon bayani a gabansa. In an gani a sanar da hukuma, a hana yara zuwa wurin. Na biyu, kayan da aka wawushe daga shagunan mutane lokacin yaƙi sun shiga wasu kasuwanni da araha. In ka ga akwati cike da sufanu ana sayarwa a kuɗin da bai kai rabin ƙimarsa ba, ka tuna cewa wataƙila gumin wani ɗan'uwanka ne, wanda yanzu yake zaune babu abin yi. Araha irin wannan ba ta da albarka.

Game da farashi ba za mu ambaci adadi ba, domin kafin wannan mujalla ta iso hannunku ya canja. Abin da za mu ce shi ne, in kuɗi ya yi kaɗan, a fara da kayan aikin masu kyau, akwati ya biyo baya. Sufana ta gari a cikin tsohuwar jaka tana kawo kuɗi, akwati mai ƙyalli cike da sufanun da ke lanƙwashewa kuwa ba ya kawo komai sai zagin masu kaya.

Bayan an saya kuma, a rubuta suna da fenti a ciki da waje, a manna takarda a bayan murfin mai ɗauke da jerin abin da ke ciki. Kowace yamma kafin a tashi daga aiki a ƙirga. Wanda ya ari abu a rubuta sunansa, domin aro tsakanin maƙwabta alheri ne, amma mantuwa ta cinye filaya fiye da ɓarawo. Masu koyar da yara sana'a kuma, muna ba su shawara su taimaki kowane yaro ya fara tara nasa tun yana koyo, yau sukundireba, wani watan sufana, ta yadda ranar da aka yaye shi zai fita da akwatinsa a hannu, ba sai ya koma roƙon aro wurin maigidansa ba.

Daga ƙarshe, akwatin ya kasance yana da wurin zamansa guda a gida, kusa da ƙofa, a inuwa, inda ko cikin duhu hannu zai kai gare shi. Muna roƙon Allah kada Ya sake nuna mana ranar da za mu ɗauke shi da gudu, Ya sa mu riƙa ɗaukarsa ne kawai don fita neman halali.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake bambanta sufana ta ƙwarai da jabu. Masu tambaya ko ƙarin bayani, musamman dattawanmu makanikai da kafintoci, ƙofar wannan fili a buɗe take. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.