A Bar wa Dodon Koɗi Wuri a Lambu

Duk wanda ya taɓa shuka alayyafo ko latas da damina ya san takaicin da dodon koɗi yake jawowa. Mutum ya kwanta ya bar tsironsa kore shar, ya wayi gari ya tarar an huda ganyen, ga kuma sawun yauƙi yana ƙyalli a ƙasa. Saboda haka masu lambu da yawa suna ɗaukar wannan halitta a matsayin abokin gaba. Ni ra'ayina ya saɓa wa nasu. Ina ganin ya kamata mai lambu ya ware wa dodon koɗi wuri da gangan, domin rayuwar tsuntsaye da sauran ƙananan dabbobi tana rataye da tasa.

Dalilina na farko shi ne aikin da yake yi wa ƙasa. Ba ɗanyen ganye kaɗai dodon koɗi yake ci ba. Ire-irensa da dama sun fi son ruɓaɓɓen ganye da matattun tsirrai da naman kaza. A bakinsa akwai wani abu mai kama da harshe, wanda ke ɗauke da dubban ƙananan haƙora. Da shi yake kankare abinci, kamar yadda ake goga kuɓewa a magogi. Abin da ya ci yana komawa ƙasa ya zama taki. Ke nan yana share lambu, kuma yana ciyar da ƙasar da shuka ke tsaye a kanta.

A Ingila, inda mutane suka shahara da son lambu, wannan tunani ya riga ya sami gindin zama. Akwai wata babbar ƙungiyar masu lambu a can da aka fi sani da RHS, wadda aka kafa a shekarar 1804. A shekarar 2022 ƙungiyar ta sanar cewa ta daina lissafa dodon koɗi da ɗan'uwansa marar kwanso cikin halittu masu ɓarna. Ta bayyana cewa cikin iri 44 na marar kwanson da aka sani a Birtaniya, 9 ne kawai suke cin shukar lambu. Ashe laifin kaɗan ne ya shafi sauran.

Dalili na biyu ya fi na farko ƙarfi. Dodon koɗi abinci ne ga halittu masu yawa. Kwaɗo da bushiya da agwagwa da wasu ƙwari duk suna cin sa. A Ingila akwai wani tsuntsu mai zaƙin murya wanda yake ɗaukar dodon koɗi da baki, ya kai shi kan dutse, ya dinga buga shi har kwanson ya fashe. Yakan riƙe dutse guda kamar maƙerarsa, shi ya sa ake tarar da fasassun kwanso a kewayen wurin. 'Ya'yan ƙwaron nan mai haske da dare su ma da dodon koɗi suke girma. Ko bayan ya mutu, amfaninsa bai ƙare ba, domin akwai wani irin ƙudan zuma da ke yin ɗakinsa a cikin kwanson da babu kowa, ya saka ƙwansa a ciki.

Kwanson kansa yana da muhimmanci. An gina shi ne da sinadarin kalsiyam, wato irin sinadarin da ke cikin alli da ƙashi da ɓawon ƙwai. Macen tsuntsu tana bukatar kalsiyam mai yawa a lokacin da za ta yi ƙwai, kuma tsutsa da hatsi ba sa wadatar da ita. Abin da ya faru a ƙasar Holan ya nuna haka a fili. A wasu dazuzzukan ƙasar, hayaƙin masana'antu ya gurɓata ruwan sama ya sa masa tsami, ruwan kuma ya wanke kalsiyam daga ƙasa. Da kalsiyam ya ragu, sai dodon koɗi ya ragu. Daga nan sai ƙananan tsuntsayen dajin suka fara saka ƙwai mai siririn ɓawo, wanda yake bushewa ko ya fashe kafin a ƙyanƙyashe shi. Masana sun buga sakamakon wannan bincike a shekarar 1994. Sun kuma gano cewa idan aka zuba wa tsuntsayen gutsattsarin kwanso da ɓawon ƙwan kaza, matsalar tana raguwa. Wanda yake son jin kukan tsuntsaye da safe, to, ya kula da abin da suke gina ƙwansu da shi.

Dalili na uku ya shafi guba. Shekaru da yawa masu lambu a Turai suna barbaɗa wasu ƙwayoyi masu ɗauke da gubar metaldihaid domin kashe dodon koɗi. Amma guba ba ta da ido. Tsuntsu ko bushiya ko karen gida yakan ci ƙwayar, ko ya ci dodon koɗin da ya sha ta, shi ma ya cutu. Ruwan sama kuma yakan kwashe gubar zuwa koguna. A ƙarshe gwamnatin Birtaniya ta haramta amfani da ita a fili daga watan Afrilu na 2022. Mai lambun da ya kashe bushiya da kwaɗo ya kori masu gadinsa, domin su ne suke rage masa ƙwari masu ɓarna. Garin neman gira ya rasa ido.

Sai dai masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa ƙaramin manomi da ya dogara da kabejinsa ba zai zauna yana kallo ana cinye masa jari ba. Wannan gaskiya ne. Amsata ita ce a raba wa kowa wurinsa. Dodon koɗi ya fi yi wa ƙaramin tsiro illa, don haka a raini tsiro a cikin kasko ko gwangwani a kan tebur, sai ya yi ƙwari a dasa shi. A riƙa ban ruwa da safe maimakon yamma, domin da dare yake fita, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa ce take sauƙaƙa masa tafiya. Idan ya yi yawa, a fita da tocila bayan magariba, a tsince shi da hannu, a kai shi can gefen juji inda aikinsa yake da amfani. A kai shi nesa sosai, don yana iya gane hanyar komawa inda ya saba. Sannu ba ta hana zuwa.

Hujjarsu ta biyu ita ce lafiya. A nan dole a bambanta. Cutar tsargiya, wadda take sa fitsarin jini, tana yaɗuwa ne ta hanyar wasu ƙananan dodannin koɗi da suke zaune a ruwan tafki da kududdufi. Na tudu, waɗanda nake magana a kansu, ba sa yaɗa ta. Duk da haka na tudu ma yana iya ɗaukar ƙwayar cuta a jikinsa. Saboda haka a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, a wanke ganye sosai kafin a ci, kuma kada a ci namansa sai ya dahu.

Akwai kuma sharaɗi guda da ba na sassautawa a kai: a jawo na gida, kada a ɗauko baƙo daga wata ƙasa. A shekarar 1966 wani yaro ya kawo manyan dodannin koɗi guda uku, 'yan asalin Gabashin Afirka, daga tsibirin Hawayi zuwa birnin Mayami a Amurka. Aka sake su a lambu. Da yake babu abin da ke cin su a can, sai suka hayayyafa dubbai. Jihar Fulorida ta shafe kusan shekara 10, ta kashe kimanin dala miliyan ɗaya, kafin ta kawar da su. Dodon koɗi yana da amfani ne a inda yake da masu cin sa.

Wannan magana ta shafe mu a nan Nijeriya, musamman a kudu, inda kowa ya san babban dodon koɗin da Yarabawa suke kira igbin, Ibo kuma suke kira ejula. Ƙona daji da sare itatuwa da yawan feshin magani suna raba shi da inuwa da danshin da yake bukata. Lambun makaranta zai iya zama masa mafaka, kuma aikin ba ya cin kuɗi. A zaɓi kusurwa guda mai inuwa, nesa da kayan miya. A tara busasshen ganye a wurin, a ajiye ruɓaɓɓen kututture da 'yan duwatsu, a barbaɗa dakakken ɓawon ƙwai. Kada a yi feshi ko a kunna wuta a wannan kusurwa. Da rani, idan kun ga dodon koɗi ya rufe bakin kwansonsa da wani farin abu, ku ƙyale shi. Bai mutu ba, yana jiran saukar ruwa ne.

Ina kira ga ɗalibai da malamansu da su gwada wannan na damina guda, su riƙa rubuta irin tsuntsaye da kwaɗin da suka gani a wurin kowane mako. Na amince cewa za a rasa ɗan ganye. Amma a ganina wannan asara ƙarama ce idan aka auna ta da lambun da babu guba a cikinsa, wanda tsuntsaye suke sheƙa a itatuwansa.

Ma'anar Wasu Kalmomi

kwanso: ɓawo mai tauri da ke rufe jikin dodon koɗi
yauƙi: ruwa mai santsi da kauri, kamar na kuɓewa
maƙera: wurin da maƙeri yake dukan ƙarfe
mafaka: wurin ɓuya daga rana ko haɗari
sheƙa: ɗakin da tsuntsu yake ginawa

Tambayoyi

1. Kawo dalilai uku da marubucin ya bayar na barin dodon koɗi a lambu.
2. Me ya sa tsuntsayen dazuzzukan Holan suka riƙa saka ƙwai mai siririn ɓawo?
3. Bayyana ma'anar karin maganar nan: "Garin neman gira ya rasa ido."
4. Wane darasi ne labarin Fulorida yake koya mana?
5. Ka yarda da ra'ayin marubucin? Rubuta sakin layi biyu ka kare matsayinka.