Tsuntsun da sanyi ya kasa kayarwa

A tsakiyar hunturun Antatika, lokacin da rana kan yi makonni ba ta leƙo ba, sanyi kuma ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, a lokacin ne babban fengwin, wanda ake wa laƙabi da sarkin sarakuna, yake kwancin ƙwai. Macen takan saka ƙwai ɗaya tak a watan Mayu ko Yuni, ta mirgina wa namijin a kan ƙafafunsa, ta kama hanyar teku neman abinci. Shi kuwa gogan sai ya lulluɓe ƙwan da fatar cikinsa, ya yi kusan kwana 65 a tsaye, ko loma bai sa a baki ba. In ƙwan ya suɓuce ya daɗe a kan ƙanƙara, shi ke nan.

Dabararsu ita ce cunkoso. Dubban maza ke curewa wuri guda, kafaɗa da kafaɗa, na gefe suna kutsawa ciki sannu a hankali, na ciki suna fitowa, har zafin tsakiyar taron yakan haura digiri 30. Ga kitse, ga gashi mai kauri. Kafin matan su dawo, namiji ya zubar da kusan rabin nauyinsa.

Duk wannan juriya ta dogara ne da abu guda: ƙanƙarar da ke daskarewa a kan teku ta tsaya daram daga Afrilu zuwa Disamba, har 'ya'yan su yi gashin da ruwa ba ya ratsawa. Nan fa gizo ke saƙar. A 2016 ƙanƙarar Halley Bay, a Tekun Weddell, ta farfashe da wuri, mazauninsu na biyu mafi girma a duniya ya yi shekara uku a jere kusan babu ɗan da ya rayu. A ƙarshen 2022 hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna wa masanan British Antarctic Survey cewa huɗu daga cikin mazaunai biyar a Tekun Bellingshausen sun rasa 'ya'yansu baki ɗaya. Ƙanƙarar ta zame a ƙarƙashin ƙafafunsu tun suna da gashin jarirai, wasu suka nutse, wasu suka jiƙe suka daskare.

Abin takaicin shi ne ba a rasa abin yi ba. Rage hayaƙin da ke ɗumama duniya aiki ne mai nisa, amma kare mazauninsu da ƙananan jatan landen da rayuwar tekun ta dogara a kai, wannan ana iya yinsa gobe. Amurka ta saka tsuntsun cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana a Oktoban 2022. A shekarar ce kuma, a taron ƙasashen Yarjejeniyar Antatika a Balin, aka nemi a ba shi kariya ta musamman, Sin ta ƙi amincewa, kuma da yake sai bakin kowa ya zo ɗaya ake yanke hukunci, maganar ta wargaje. Wannan ƙin ba shi da hujjar da za ta tsaya gaban hotunan Bellingshausen, kuma ya kamata sauran ƙasashen su riƙa maido da batun teburi a kowane zama.